Farin Ruwa a watan Agusta? Ku dakata zuwa Nuwamba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu samari bakwai ne daga Kano, muna shirin zuwa matsirgar Farin Ruwa ta jihar Nasarawa cikin hutun Agusta, don an ce lokacin ne ruwan ya fi cika. Babu wanda ya taɓa tafiyar daji a cikinmu. Shin lokacin ya dace? Me za mu riƙa, kuma ana iya wanka a gindin ruwan? Abin da ya fi ba mu tsoro macizai ne.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. In da hali, ku ɗaga tafiyar nan zuwa ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. Wanda ya ce maka a Agusta ruwan ya fi cika bai yi ƙarya ba, sai dai cikar nan ita ce matsalar. Aikina awon ruwan koguna ne, na kuma daɗe ina bin ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunukan Filato zuwa kwarin Binuwai. A irin wannan tafiya, abin da ya fi kashe mutane shi ne ruwan kansa, sai santsin dutse, sai dare ya riski mutum a daji. Macijin da kuke tsoro yana can baya, zan zo kansa.

Fara da sanin inda za ku. Farin Ruwa tana cikin ƙaramar hukumar Wamba, dab da iyakar Nasarawa da Filato ta wajen Bokkos. Tudun Jos ya haura mita 1,200 bisa doron teku a yawancin wurare, kuma ta wannan gefen ba a hankali yake sauka ba, yankewa yake yi. A yankewar nan ruwan ke zubowa, tsayin kimanin mita 150, faɗin kuma kan kai mita 50 in damina ta nutsa. Za ka ji masu tallar yawon buɗe ido na cewa ta fi matsirgar Victoria ta kogin Zambezi tsawo. Haka ne, waccan mita 108 ce, amma faɗinta ya wuce kilomita ɗaya da rabi, don haka kada ku je da zaton ganin irinta. Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne nisa. Matsirgar Assop tana gefen kwalta a wajen Hawan Kibo, Gurara kuma mota na kai mutum kusan bakinta in ya ratse daga hanyar Suleja zuwa Minna. Farin Ruwa kuwa kimanin kilomita 30 take daga garin Wamba, ƙarshen tafiyar kuma a ƙasa ake yi. Wanda ya karye a can, a kafaɗa za a ɗauko shi har inda mashin ya tsaya, daga nan a fara lissafin asibiti.

Ga dalilin da ya sa na hana ku Agusta. Ruwan da ke zubowa ba a wurin aka yi shi ba, a can saman tudu ya sauka, cikin gonaki da makiyaya masu nisan kilomitoci daga inda kuke tsaye. Ƙasar saman ba ta da kauri, ƙarƙashinta dutse ne, a Agusta kuma ta riga ta ƙoshi, ba ta ƙara shan komai. Duk abin da ya sauka nan take yake gangarowa, ƙananan kwaruruka su zuba wa manya, duka su haɗu a mashiga ɗaya. Kowa ya san hadari daga gabas yake tasowa, galibi bayan rana ta karkata, kuma kan wannan kogi ta can ɓangaren yake. Wato hadari na iya zubawa a saman kogin har ya ɗauke, ku kuna ƙasa cikin rana, sama tas a kanku. Dutsen da kuka zo kallo ya tare muku ganin hadarin, rugugin ruwan kuma ba zai bari ku ji tsawa ba. Sai dai kawai ku ga rafin da ɗazu yake iya idon sawu ya kai ƙugu, cikin 'yan mintoci.

Mutanen birni na raina ruwan da bai kai ƙirji ba, don ba su san nauyinsa ba. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya, tan guda ne cur. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa sau huɗu yake ninkawa. Ruwa mai gudu da bai wuce zurfin santimita 15 ba yana iya kwashe ƙafar ƙato, balle a kan dutse mai santsi. Ƙa'idar da muke bi a wurin aiki ita ce: in ruwa na gudu sosai kuma ya wuce gwiwa, ba a hayewa, a zauna a jira ya janye. Irin ƙoramun nan kamar yadda suke saurin cika haka suke saurin sauka, sau da yawa jiran 'yan awoyi ya isa. Wanda ya ƙi jira don yana sauri ya kai gida, shi ake nema washegari a can ƙasa.

Tarkon da ya fi kama baƙi ma ba a gindin matsirgar yake ba, a hanyar dawowa yake. Da safe kun tsallake ƙananan rafuka ko takalmi ba ku cire ba, kun manta da su. Da la'asar kun juyo a gajiye, kun tarar kowanne ya zama kogi ja wur, mashin ɗinku yana wancan ƙetaren, rana tana faɗuwa. A nan ne hankali kan gushe, wani ya ce a riƙe hannun juna a afka. Duk rafin da za ku haye da safe, ku tsaya ku tambayi kanku: in ya cika kafin mu dawo, ina za mu kwana?

Ko a wane wata kuka je, ku koyi karanta ruwa, ba shi da wuya. Da isarku, kafin kowa ya ciro waya, ka samu dutse kamar faɗin tafin hannu ka ajiye shi daidai inda ruwa ya tsaya a gefe, rabinsa a jiƙe rabinsa a bushe. Ko ka kafa sanda ka ɗaura mata tsumma daidai kan ruwa. Ka ba mutum ɗaya aikin leƙa shi duk bayan minti goma, in ya gaji wani ya karɓa. Dutsen ya nutse, kowa ya tattara ya fita, ba sai an yi shawara ba. Sauran alamun: ruwan da yake garau ya fara gurɓata ya koma kalar ƙasa, ganyaye da ƙirare da karan masara sun fara wucewa, sautin ruwan ya yi kauri har kana jin duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashi, ko wata iska mai sanyi ta buso daga sama. Ɗaya daga cikinsu ta isa. Sannan ka ɗaga kai ka dubi rassan malmo da sauran itatuwan bakin rafi. Za ka ga busasshiyar ciyawa da leda da ɓawon itace sun maƙale, duk sun kwanta ɓangare ɗaya, wani lokaci sama da kanka. Nan ruwa ya kai a cikarsa ta baya. Duk inda yake ƙasa da wannan layi, cikin kogi kake zaune ko da wurin a bushe yake, don haka jakunkunanku da wurin cin abincinku su kasance sama da shi. Tun kuna natse ku zaɓi ta inda za ku haura in ta ɓaci. Gefe ake hawa, ba a bin kwari a guje, don ruwan ya fi kowa gudu.

A Nuwamba kusan duk wannan fargaba ta ragu. Ruwan sama ya ɗauke tun ƙarshen Oktoba, amma ƙasa tana ci gaba da sako abin da ta sha, matsirgar tana nan da ƙarfinta, ruwan kuma ya washe ya yi fari, saɓanin na tsakiyar damina da kan zo da laka. Hanya ta fara bushewa, hazo bai yi kauri ba tukuna. Disamba da Janairu ma ana zuwa, sai dai hazo na cinye hoto, ga ƙunar daji da ake yi. Maris da Afrilu ruwan ya tsuke, zafin kwari kuma ba a magana. Aibin Nuwamba ɗaya ne zuwa biyu: gamba ta yi tsawo ta wuce kan mutum, hanya na ɓacewa a ciki, ƙarara mai sa ƙaiƙayi kuma ta nuna.

Batun wanka. Gindin matsirga, daidai inda ruwa ke dukan ruwa, ba a shiga, ko a Nuwamba ko a Maris. Farin nan da kuke gani ruwa ne gauraye da iska, bai kai ruwa na sosai nauyi ba. Jikin ɗan Adam da ƙyar yake tasowa a ruwa zalla, to a cikin kumfa nutsewa yake yi, hannu kuma in ya ja ba ya samun abin turawa. Bayan haka ruwan da ya faɗo yakan nutsa har ƙasa, ya ɓullo can gaba, na samansa kuma ya juyo baya zuwa mafaɗar. Wanda ya shiga wannan juyi, sai ya taso ya shaƙi iska, ruwa ya mayar da shi ya danne, haka har ƙarfinsa ya ƙare. Ga kututture da duwatsu da ke tahowa daga sama ba sallama. Ga sanyi, don ruwan tudu ne, wanda ya faɗa da gumi a jikinsa numfashi kan sarƙe masa, jijiyar ƙafa ta ɗaure. Na san a cikin ku bakwai ba za a rasa wanda ya koyi iyo a Tiga ko Challawa ba, wanda zai ce shi ruwa bai isa ba. Shi za ku fi sa wa ido, ai gwani ruwa kan ci. Iyon ruwan kwance daban, wannan daban.

Wurin wanka yana can ƙasa da mafaɗar, inda ruwa ya lafa, kana ganin yashi ko tsakuwar ƙasansa, zurfin bai wuce ƙugu ba. Ɗan rakiyarku ya san inda yaran gari ke shiga, nan za ku shiga. Kafin ku tsoma ƙafa ku zagaya ku ga abin da ke gaba da gurbin. In wata gangara ce, a bar shi. Kada kowa ya yi tsalle ya faɗa da ka, ruwan damina na sauya wa duwatsu wuri kowace shekara. In ruwa ya kwashi mutum, ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna tare masa duwatsu, yana karkatawa gefe da hannu. Kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye a tsakiyar gudu, don in ƙafa ta maƙale tsakanin duwatsu ruwan kifar da shi zai yi ya danne, ko da zurfin iya cinya ne. Na waje kuma kada su bi shi ciki. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi. Ku riƙa igiya mai tsawon mita 15 zuwa 20, a ɗaura mata jarka marar komai mai murfi a baki ɗaya, a jefa masa, mai jefawa ya zauna ya tokare ƙafa, wani ya riƙe shi ta baya. Ba a ɗaura igiya a ƙugun wanda ke cikin ruwa mai gudu, in ta miƙe ƙasa take danna shi.

Sai dutse. Feshin matsirga na kaiwa nesa, duk inda yake sauka kuma gansakuka na fitowa, wata koriya ana ganinta, wata baƙa siririya ba a gani. Baƙin dutse mai sheƙi shi ne abin gudu, santsinsa ya fi na miyar karkashi. Ku taka mai haske, busasshe, mai kaushi. Inda ya zama dole a bi jiƙaƙƙe, a sunkuya a sa hannu, ba abin kunya ba ne. Silifas da takalmin fata mai sumul ƙasa ku bar su a Kano. Kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, ya wadatar. Sabon takalmi ranar tafiya bororo yake jawowa. Wata dabara da muke yi a wurin awo: a sa tsohuwar safa mai kauri a kan takalmin, zaren na kama dutse fiye da roba. Hawan dutse ya fi saukowa sauƙi, don mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai saukowa lalube yake yi. Saurayi kan haye don a ɗauke shi hoto daga ƙasa, ya waiga ya ga babu hanyar dawowa. Leɓen matsirgar ta sama kuwa, inda ruwa ke karyewa, ko kusa kada a je. Kuma mai ɗaukar hoto kada ya ce wa kowa "ɗan ƙara ja baya" sai ya duba abin da ke bayan.

Daga Kano hanya biyu ce. Ko ku bi Zariya, Pambeguwa, Saminaka, Jos, ku gangara Hawan Kibo ku bi ta Gwantu zuwa Akwanga, ko ku bi Kaduna, Abuja, Keffi, Akwanga. Kowacce wuni ce, don haka ku kwana a Akwanga, inda ake samun masauki da abinci da mai. A zamanin gwamna Abdullahi Adamu, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, an fara gina ɗakunan baƙi da aikin samar da lantarki a Farin Ruwa, aikin ya daɗe bai kai inda aka nufa ba, saboda haka kada ku sa ran gado a bakin ruwa. Ku yi asuba ku kama hanyar Wamba, daga nan ta wajen Sisinbaki ake ratsewa. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa ku ajiye ta a gari ku hau acaɓa. Ku yi ciniki na zuwa da jira da dawowa tun a tasha, a ba da rabi, rabi sai an dawo.

Masu hawan duwatsu suna da wani lissafi da wani ɗan Sikotlan mai suna William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a fili. Ku bakwai, sababbin shiga, cikin ciyawa, ga tsayawa ɗaukar hoto, ku ninka shi biyu. Wanda ya fi kowa nauyin ƙafa shi ake sawa kusa da gaba, a bi takunsa, mai ƙarfi ɗaya ya tsaya a ƙarshe, kada a rabu gida biyu. Ku yanke lokacin juyowa tun kafin ku tashi, ni ƙarfe biyu nake sawa, ko an kai ko ba a kai ba. A Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, bayan kamar minti ashirin duhu ya rufe, cikin kurmi da kwazazzabo kuwa tun kafin nan. Ku yi azahar a can ku kamo hanya. Wajen alwala a ɗebo ruwa a gora a koma kan yashi, kada a tsuguna babu takalmi a kan jiƙaƙƙen dutse ana ɗaga ƙafa ɗaya.

Mafi amfanin abin da za ku tafi da shi ba a jaka yake ba, ɗan rakiya ne, da ɗan gari akan ci gari. Yankin na Rindre ne da Kantana da Kulere da Arum da sauransu, kuma kusan kowa na jin Hausa. In kun isa ƙauye na ƙarshe ku nemi mai unguwa ku gaishe shi, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku, ku roƙa ya haɗa ku da wanda ya san dajin. Maharbi ko manomin da gonarsa ke wajen ya fi yaron da ya fara tarar ku a bakin hanya. Ku biya shi da kyau, ku ci abinci tare. In ya ce nan ba a shiga, kada ku tsaya gardamar ko camfi ne. Sau da yawa wurin da mutanen gari suka haramta, in ka bincika, wurin da ya taɓa cin mutane ne. Ko ba haka ba ma, ƙasarsu ce. Kada a ratsa gona, kada a tsinki abin da ba a ba ku ba, kada a ɗauki mata hoto a rafi.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Kun san halin da ake ciki na satar mutane a dazuka, kun kuma ji rikicin da aka sha yi a ɓangaren Bokkos. Yanayi na sauyawa daga mako zuwa mako, labarin wanda ya je bara ba zai amfane ku ba. Ku tambayi direbobin tashar Akwanga da 'yan acaɓar Wamba, ku biya ofishin 'yan sanda ku sanar da zuwanku, in an ce a haɗa ku da 'yan banga ku yarda. Ku bar wa wani a gida sunayenku da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku, don sabis na ɗaukewa a cikin kwari. Sanarwa a Facebook cewa gobe kuna Farin Ruwa ku bari sai kun dawo.

Kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Jakar goyo don hannaye su zama a sake, dogon wando, riga mai dogon hannu, hula, tocila ta gaske ban da ta waya, ashana a cikin leda, bandeji da filasta da farasitamol. Guzuri marar lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari. Ruwan sha lita 3 kowane mutum. Na rafin kada haskensa ya ruɗe ku, akwai garuruwa da shanu a samansa. In ya zama dole a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs a jira minti 30. Wanda ya galabaita a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ledar fiya wata da robobi ku dawo da su, kuma ban da sabulu a cikin rafin, mutane na sha a ƙasa.

To, macizai. Akwai su: kububuwa, kasa, gamsheƙa. Amma maciji ba ya farautar mutum, takun mutum bakwai kuwa tun daga nesa yake kora yawancinsu. Wadda ba ta gudu ita ce kasa, kwanciya take yi ta saje da ganye. Ɗan rakiya ya shige gaba da sanda, kowa ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, kada a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, in an zo kututture a taka kansa a leƙa kafin a sauka. Manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi su ne sara ya fi samu. In tsautsayi ya faɗa, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure sama da wurin tamau, wannan ɗaurin ya sa an yanke ƙafafu da yawa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum zai iya wuni yana hira yana cewa ya warke, sai daga baya dasashi ya fara zubar da jini. Don haka asibiti kai tsaye, ko da ba ya jin komai. Allurar maganin dafin maciji mai suna EchiTAb an yi ta ne don macizan ƙasar nan, asibitin Kaltungo a Gombe da na Zamko a Langtang sun shahara da wannan aiki, amma sun yi muku nisa. Tun a Akwanga ku tambaya wane asibiti ne mafi kusa da yake da ita a hannu.

Ni ƙudan zuma ya fi ba ni tsoro a gindin dutse, don a kogon dutse yake kafa gida, kuma ƙamshi da hayaniya na tayar da shi. Na san Bakano da turare, amma ranar nan a haƙura. In ya taso a rufe fuska da riga a yi nisa da gudu, kada a faɗa ruwa, jira yake yi a sama. Wanda ya san jikinsa na kumbura in zuma ta harbe shi ya ga likita kafin tafiya. Ƙarara kuwa, waken nan mai gashi ruwan zuma da ke lilo a jikin ciyawa, ku ce ɗan rakiya ya nuna muku ita tun farko. Wanda ya goge ta zai manta da abin da ya zo kallo. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen bakin ruwa mai gudu su ne ke yaɗa cutar makantar kogi, amma bayan shekaru ana rabon maganinta mai suna Mectizan, a 2021 an bayyana cewa an kawar da yaɗuwarta a Filato da Nasarawa, abin da ya rage cizo ne mai ƙaiƙayi, dogon hannu ya isa. Tsargiya tana nan, a ruwan kwance mai ciyawa da dodon koɗi take, shi ya sa ba a wanka a kududdufan gefen hanya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan makonni ya faɗa wa likita inda ya shiga, maganinta praziquantel.

In kuma hutun Agustan ne kaɗai kuke da shi, shawarata ku je Assop ko Gurara, ku kalli cikar ruwa daga tudu, mota na kusa da ku, ku ajiye Farin Ruwa sai kaka. In kun dage sai ita, to da sharaɗi: ku isa da sassafe, ku juyo kafin azahar, babu mai tsoma ƙafa a ruwa, kallo daga nesa kawai. Ku karɓi lambar wani ɗan acaɓar Wamba tun da wuri, ku kira shi daren da za ku tashi. Kada ku tambaye shi ko hanya lafiya, zai ce lafiya lau don yana son aikin. Ku tambaye shi yaushe rabon a yi ruwa a kan dutse, kuma yau shi da kansa ya haye rafi da mashin ko turawa aka yi. In ya ce turawa aka yi, ku zauna a Akwanga ku ƙara kwana.